Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Kabo Kan Kangayen Dugabau

Mai girma Shugaba,

 

Ranka ya daɗe, na zaɓi in rubuto maka a bainar jama'a maimakon in bi sahun masu jiran ganinka a sakatariya, domin maganar ba tawa ce ni kaɗai ba, kuma babu kwangila a cikinta. Maganar kangaye ce: gidajen da masu su suka watse suka bari, da gine-ginen hukuma da aka garƙame aka manta wanda makulli yake hannunsa, da rumfunan da aka gina ba a taɓa kasa ko gishiri a cikinsu ba. Da Dugabau zan kafa hujja saboda nan aka yanke mini cibiya, amma na tabbata mutumin Garo ko Gude ko Masanawa in ya karanta zai ce da garinsu nake, haka ma maƙwabtanmu na Getso da Kutama a ƙasar Gwarzo.

Abin da ya sa lamarin yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ba mutane muka rasa ba. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Kabo mutum 153,828, kuma jariran da aka haifa a waccan shekarar, yau su ne suke neman aure. A gida ɗaya sai ka tarar da magidanta uku da iyalansu suna gogayya a tsakar gidan da ko wurin shanya ba ya isar su. Saurayi ya kai kuɗin aure, an sa rana, an ɗaga, an sake ɗagawa, ba don komai ba sai don babu ɗakin da za a kai amarya. Daga ƙarshe uba ya yanki gefen gonarsa ta bakin gari ya ba shi, ko ya sayar da rabi a yanka fuloti. Gonakin bakin gari kuwa, kowane manomi ya sani, su ne suka fi shan taki, domin nan jaki da amalanke suke kai takin gida ba wahala. To su muke binnewa da bulo, alhali a tsakiyar gari, taku kaɗan daga masallaci, ga fili ga rijiya ga tsohuwar katanga, babu mai kwana sai ƙadangaru.

Bari in gaya maka yadda gida yake zama kango, don a danginmu akwai guda, kuma a kan idona ya lalace. Gidan ƙanen kakana ne, ginin ƙasa mai zaure biyu da soron azara, irin wanda ko a tsakiyar bazara ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka. Ko da mai gidan ya rasu, 'ya'yansa maza sun riga sun yi nisa: wani yana kasuwa a Kano, wani yana Legas, wani ya tafi ci-rani Fatakwal ya zarce. Mata suna gidajen aurensu. Da tsohuwa ta fita takaba, babban ɗa ya zo ya tafi da ita birni, aka sa kwaɗo. Babu wanda ya ta da maganar rabon gado, domin a wajenmu wanda ya fara ta shi ake ce wa ya ƙosa, ko ƙasar kabari ba ta bushe ba. Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Babu kuma wanda zai fitar da kuɗinsa ya yi yaɓe, tunda bai san ko ɗakin da ya gyara zai faɗo a rabonsa ba. Ginin ƙasa kuwa ba ya jure sakaci. Indararo ɗaya ya fara karyewa, ruwa ya riƙa bin jikin katanga yana cin ta. Gara ta shiga azara. A wata damina, cikin Agusta, soron ya rufta, katangar gabas ta kwanta a kan turken awakin maƙwabci. Allah ya taimaka da tsakar dare ne, yara ba sa wurin. Yanzu tumfafiya ce a inda gadon tsohuwa yake, unguwa ta mai da wani sashe juji, wani sashe bahaya, zauren da ya rage da rufi kuma samari sun mai da shi wurin fakewa su sha abin da suke sha. Magadan farko sun fara mutuwa, jikoki sun shigo lissafi. Gidan da da mutum bakwai za su zauna bayan la'asar su raba, yanzu sai an tattaro fiye da talatin daga jihohi daban-daban.

Za ka ce me ya hana tun farko su ba wani aro ya zauna yana kula da shi? An nema, ranka ya daɗe, sun hana, kuma ban ga laifinsu ƙwarai ba. Tsoro suke kada aro ya rikiɗe ya zama mallaka. Duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'a ya ji maganar hauzi: a fiƙihun Malikiyya, in bare ya riƙe gida ko gona shekara goma yana tasarrufi irin na mai abu, mai shi yana nan yana gani bai ce uffan ba, to ba a sauraron da'awarsa bayan nan. Gaskiya ne hukuncin bai hau kan wanda ya shiga da aro ko haya ko jingina ba. Amma wa zai tabbatar da cewa aro ne bayan shekara ashirin, in dattawan da aka yi maganar a gabansu sun kwanta dama? Shi ya sa mutane suka gwammace gida ya rushe yana nasu da ya tsaya a hannun wani. Nan gizo yake saƙar, kuma nan ne hukumarka za ta iya abin da dangi suka kasa, da abin da bai wuce takarda da hatimi ba.

Ba sabon iko nake roƙon a nemo maka ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 6, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya a duk ƙasar da gwamna bai ayyana a matsayin birni ba, don noma ko gina gida, har a wani sashen ta ce a kafa kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1999, a Jadawali na Huɗu, ya ɗora muku kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da magudanun ruwa da kwashe shara, har da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Wannan na ƙarshen mutane suna ɗaukarsa kwalliyar birni ce, alhali wanda ya sa wa gidaje lamba dole ya san wane gida ne da mutane, wane ne babu, kuma na wane ne. Kana da jami'in filaye, kana da duba-gari, waɗanda a da in an ce sun shigo unguwa har tulun ruwa ake wankewa. Kana da kansila a kowace mazaɓa cikin goman nan da muke da su.

Gargajiyarmu ma ba ta bar wannan kafa a buɗe ba. A da in mutum ya yi ƙaura, gonarsa da gidansa suna komawa riƙon mai unguwa ko dagaci, ya ba wani ya yi amfani da su, in mai su ya dawo a daidaita. Tsarin ya yi rauni ne da ƙasa ta yi tsada, amana ta yi ƙaranci, kuma ba a rubutawa. Malamanmu sun daɗe da tattauna wannan babi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo yana da littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum yake mallakar ƙasar da take kwance ba mai aiki da ita. Malamai kuma suna kawo labarin Sayyidina Umar da Bilal ɗan Harisu Almuzani, wanda aka ba yankin Aƙiƙ ya kasa aikata shi duka, Umar ya bar masa abin da zai iya, ya raba sauran ga Musulmi. Sai dai kada wani ya ɗauki wannan ya ruga da shi: wancan ƙasar hukuma ce aka bayar don a raya. Gidan da mutum ya saya ko ya gada, a mazhabarmu ba ya fita daga hannunsa don ya rushe. Abin da fiƙihu ya tanada a nan daban ne, kuma ya ishe mu. In abu na tarayya ne da ba ya rabuwa, wani ya nemi a gyara wani ya ƙi, alƙali yana iya tilasta wa mai ƙin ya gyara ko ya sayar. In katangar mutum ta karkata, aka gargaɗe shi a gaban shaidu ya yi biris, ta faɗi ta yi ɓarna, to shi zai biya. Da maƙwabcin nan mai awaki ya san haka, da tun kafin damina ya je wajen mai unguwa.

Na san akwai masu cewa a duba yadda ƙasashen waje suke yi. An duba. A Jafan, binciken gwamnati na 2023 ya nuna gida kusan miliyan 9 babu kowa a ciki, wato kashi 13.8 cikin ɗari na gidajen ƙasar. Tun 2015 suka fara aiki da dokar da ta ba hukumomin garuruwa ikon bin takardun haraji su gano mai gida, su umarce shi ya gyara, in ya ƙi su rushe su cajo shi. Daga Afrilun 2024 kuma suka wajabta wa magaji ya yi rajistar abin da ya gada cikin shekara uku, domin su ma sun gano gadon da ba a tantance ba shi ne uwar matsalar. A Italiya wasu garuruwa, irin su Sambuka ta tsibirin Sisili a 2019, sun sa gidaje a kasuwa daga Yuro ɗaya bisa sharaɗin mai saye ya gyara cikin shekara uku. Wannan na Italiya bai dace da mu ba ko kaɗan. Su mutane suka ƙare musu, suna kiran baƙi daga wata duniya. Mu kuwa masu buƙatar suna nan a bayan katanga. Abin ɗauka daga Jafan ɗaya ne: hukumar da ta fi kusa da gida ita take fara sanin mai shi.

To ga abin da nake roƙo. A fara da ƙirga, kuma a fara da Dugabau don a gwada a ga inda gyara yake kafin a kai sauran mazaɓu. Kansila da jami'in filaye da duba-gari su bi masu unguwanni lungu-lungu da littafi ɗaya: wannan kango na wane ne, yaushe aka tashi, su wa suka gada, wa yake magana da yawunsu, lambar wayarsa. Masu unguwanni sun san duk wannan a ka, rubutawa ce kawai ba a yi ba. Amma a yi hattara da bakin da za a shiga da shi. Mutanenmu in suka ga ma'aikaci da littafi yana ƙirga gidaje, haraji ne yake fara faɗo musu a rai, duk da cewa a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a jihar nan. A sa limamai su yi bayani a masallatai tukuna, a faɗa da babbar murya cewa ba kuɗi za a karɓa ba, ba kuma ƙwace za a yi ba.

Shafin farko na littafin nan kuwa, kayan hukuma ya kamata su cika shi, don ba ka da bakin yi wa magada faɗa in naka ginin jemagu ne a ciki. Duk wanda yake yawo a karkarar Kano ya san irinsu: ajin da iska ta yaye wa kwano tun bara waccan, gidan malamai da babu malami, tsohon sha-ka-tafi da aka bari da aka gina sabo a gefensa, ɗakin ajiyar taki na zamanin ayyukan raya karkara, jerin shagunan da wani ɗan majalisa ya gina a inda kasuwa ba ta ci. Ba ƙananan hukumomi kaɗai suke da wannan ciwo ba. Kowa ya ga yadda gidaje da yawa a rukunan Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo suka yi shekaru a rufe bayan an gama su, ya kuma ga yadda titunan nan masu kilomita biyar-biyar da aka faro a hedikwatocin ƙananan hukumomi 44 suka daɗe a yashe da gwamnati ta sauya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: sabon gini ana liƙa masa allo da sunan wanda ya gina, gyaran rufi kuwa ba a yanka masa kyalle. Ina roƙonka ka zama ciyaman mai gyaran rufi. Kowane gini a duba shi a yanke masa hukunci ɗaya: ko a gyara a mai da shi aikinsa na asali, ko a ba wata ƙungiya haya mai sauƙi bisa sharaɗin ta gyara, ko in ya wuce gyara a kwashe shi a bar filin da sunan jama'a, a kewaye, kafin wani ya wayi gari ya ce na kakansa ne. Manoman rani na gefen madatsar Guzuguzu suna neman inda za su adana albasa. Mata masu surfe da tuyar ƙuli suna neman inda za su kafa inji. Teloli da masu cajin waya suna biyan haya a 'yan akurkin shaguna. Ga masu shiga nan birjik.

Sai gidajen gado. A nan abu biyu nake so hukuma ta yi. Na farko ta fitar da takardar yarjejeniya guda ɗaya, da Hausa, da boko da ajami, wadda lauyan hukuma da malamai suka duba: wane ya ba wane gida kaza ya zauna shekara kaza, zai yi yaɓe, ya gyara rufi, ya haƙa masai a madadin kuɗin haya, gidan yana nan na magada, zaman nan ba saye ba ne ba kyauta ba ne. Kwafi uku, ɗaya wajen magada, ɗaya wajen dagaci, ɗaya a sakatariya da hatimi. Ranar da wannan takarda ta samu, tsoron hauzi ya kau, kuma na yi imani rabin masu hana aro za su bayar, domin babu wanda yake jin daɗin a ce gidan ubansa ya zama bahayar unguwa. Na biyu ta sauƙaƙa rabon gadon kansa. Ba aikin ciyaman ba ne ya raba gado, aikin malamai da alƙalai ne. Amma hukuma tana iya aika wa magada takardar gayyata, ta sa rana, ta ba da wurin zama, ta kawo mai awo. Wannan kaɗai ya ɗauke wa dangi kunyar wa ya fara magana, tunda kowa zai ce hukuma ce ta kira. A tabbatar kuma 'ya'ya mata suna wurin ko wakilan da su da kansu suka zaɓa, a tsare rabon marayu. Sau da yawa jinkirin rabo mata yake cuta, domin namiji yana da inda ya kafu, ita kuwa in aure ya mutu gidan uban nan ne madogararta, ta dawo ta tarar da tumfafiya.

Akwai wani irin gidan da babu kowa wanda ba a kiransa kango saboda fenti. Ƙasar nan ta haifi masu arziki. Sunan Kabo har Jidda ya je a jikin jirage, tun da marigayi Alhaji Muhammadu Ɗan Kabo ya kafa kamfanin Kabo Air a 1980, kuma bayansa an yi 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da yawa. Da damansu sun gina gidajen bulo a garuruwansu, suna kwana biyu a ciki da sallah, sauran shekara mai gadi ne da kwaɗo. A gari ɗaya kuma malamin makaranta da ma'aikaciyar lafiya suna zuwa daga nesa kullum saboda babu masauki, la'asar na yi sun kama hanya, mai naƙudar dare sai a ɗora ta a babur. Masu gidajen nan ba doka za ka yi musu ba. Waya za ka ɗauka ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ka roƙi sashen baƙi ko ɗakunan waje a saukar da ungozoma ko ɗan hidimar ƙasa, da irin takardar can. Mutumin da yake raba buhunan shinkafa da azumi ba zai ƙi wannan ba in an nuna masa girmansa.

Maganar kuɗi na san za ta taso. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma kowa ya ga yadda aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa. Ba zan yi kamar ban san hannunka ba a sake yake ba. Amma abin da na lissafa, in ka cire gyaran gine-ginen hukuma, kuɗin littafi ne da man babur da ɗan abin zaman taro. Gyaran ma in hukuma ta kawo kwano da ƙusa da siminti, ƙungiyoyin ci gaban gari za su kawo ƙarfi, don aikin gayya bai mutu a ƙauyukanmu ba.

Inda nake jin tsoro shi ne siyasa. Littafin da ya nuna gidajen da ba su da mai tsaya musu, in ya faɗa hannun ɓata-gari, ya zama jagorar masu cin filaye. Kada a wayi gari kangon ɗan adawa ne kaɗai ake gani, ko a ce an karɓe fili don amfanin jama'a sai ga shi a hannun ɗan gaban goshi. Dokar 1978 ɗin nan da ta ba ka ikon karɓar ƙasa don amfanin jama'a ita ce ta wajabta biyan diyyar abin da aka gina a kai. Mun kuma ga abin da ya biyo bayan rusau na Yunin 2023 a birnin Kano, yadda maganar shagunan Filin Idi ta ƙare a kotu da batun diyya. Ƙaramar hukuma ba ta da aljihun irin wannan shari'a. Saboda haka a bar littafin a buɗe, kwafi a wajen dagaci, duk mai so ya duba, kwamitin kuma a sa liman da wakiliyar mata da mutum ɗaya aƙalla wanda kowa ya san ba jam'iyyarku yake ba. Katafila kada ta shigo sai a kan katangar da take barazana ga rai, bayan gargaɗi a rubuce.

Wani dalilin gaggawa shi ne tsaro. Maƙwabciyarmu Gwarzo tana iyaka da Jihar Katsina, kuma hare-haren 'yan bindiga sun taɓa Shanono da Tsanyawa. Garin da bai san wa yake kwana a kangayensa ba yana wasa da wuta. Haka kuma in masu gudun tsira da rai suka iso, gara a ce akwai littafin da zai nuna inda za a sauke su da sanin masu gida, da a cusa su a azuzuwan makaranta a kori yara.

Lokacin da ya fi dacewa da zaman magada shi ne kashegarin sallah, don ranar ce 'yan Kano da 'yan Legas da 'yan ci-rani suke gida gaba ɗaya. Ke nan ƙirgar tana buƙatar a gama ta da wata guda kafin nan, a aika wa kowane gida takardarsa. Na riga na yi magana da manyan danginmu, sun yarda in hukuma ta kira za su zo, kuma in ana neman gidan da za a fara gwada takardar yarjejeniyar a kansa, a rubuta namu. Ina roƙon ka umarci kansilanmu ya zauna da dagaci su sa rana, a sanar a masallatai.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora. Wassalamu alaikum.

Naka,
Wani ɗan mazaɓar Dugabau,
Ƙaramar Hukumar Kabo, Jihar Kano.